Windows da Linux a mashin guda: yadda za ka rabu da "Accès refusé"

Wata Asabar da marece wani ƙanena ɗan Tahoua da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni ya tsallako gadar Kennedy da kwamfutarsa a jakar goyo, ya same ni a shago nan Bukoki, ko zama bai yi ba ya buɗe ta bisa tebur. Memuwar ɗinsa ce a ciki, aikin wata bakwai, mashin ɗin tana da Windows da Linux duka, in ya shiga Linux yana ganin fishiyen da idonsa, yana buɗewa yana karantawa, amma da ya gyara ko harafi guda ya ce a ajiye sai mashin ta ƙi. Kowane dosiye da ɗan hoton kwaɗo a jikinsa. Ya ce "Yaya don Allah duba mini, birus ne ko?" Na ce mishi "kwantar da hankalinka ƙanena, jiya daga ina ka kashe ta, Windows ko Linux?" Ya ce Windows. Na ce to ba birus ba ne, aikinka na nan lafiya lau.

Irin wannan kusan kowane sati sai an kawo mini. Tun da Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma mashinan okaziyon da yawa da muke saye ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba kamar TPM 2.0, ɗan sashen tsaro da ke riƙe makullan sirri a cikin mashin, mutane suka fara ƙara Ubuntu ko Linux Mint a gefe, abu mai kyau ƙwarai, sai dai ba wanda ke gaya musu cewa sun sa masu haya biyu a gida guda waɗanda ba su jin yaren juna. Windows tana tsara diski da NTFS, Linux kuma yawanci da ext4. Windows ba da sunanka ta san ka ba, da wata doguwar lamba ce da ake ce ma SID, mai farawa da S-1-5-21. Shi ko Linux ya san ka da wata lamba daban, UID, kuma mutum na farko da aka buɗe ma konti a Ubuntu ko Mint lambarsa 1000. Ko da suna ɗaya ka sa a duka biyun, a wurinsu mutum biyu ne ku. Yawancin "ba ka da izini" da kake gani daga nan ya taso, kuma maganinsa a gaya ma kowanne wane ne mai kaya, ba a cire duk kwaɗunan gidan ba.

Matsalar ƙanen nawa ita ce ta farko da za ka duba don ita ta fi yawa. Tun Windows 8, a 2012, akwai abin da ake ce ma démarrage rapide. In ka danna Arrêter ba mutuwa Windows ke yi ba gaba ɗaya, tana kwashe wani sashe na abin da ke kanta ta zuba cikin wani ɓoyayyen fishiye mai suna hiberfil.sys ta kwanta, don gobe ta tashi da sauri. Linux in ya zo ya tarar da diskin a haka sai ya ce mai ɗakin nan bai fita ba barci yake, ni ba zan taɓa kayansa ba, sai ya buɗe maka don kallo kawai ko ya ƙi buɗewa sam. Kuma gaskiyarsa, don in ya yi rubutu a ciki Windows ta farka da tsohon lissafinta fishiye na iya lalacewa.

Ga yadda ake kashe shi. Cikin Windows ka shiga Panneau de configuration, Options d'alimentation, a hagu ka danna "Choisir l'action des boutons d'alimentation", a sama ka danna "Modifier des paramètres actuellement non disponibles", sannan ka cire alamar da ke kan "Activer le démarrage rapide" ka ajiye. Ni dai gajerar hanya nake bi, in buɗe Invite de commandes da "Exécuter en tant qu'administrateur" in rubuta:

powercfg /h off

Wannan yana kashe démarrage rapide da veille prolongée duka, ya kuma share hiberfil.sys, ka samu ƴan giga sun dawo maka. In sauri kake yi yau kawai, ka riƙe Shift lokacin da kake danna Arrêter, ko ka danna Redémarrer ka shiga Linux daga nan, duka biyun suna rufe Windows rufewa ta gaske. Haka muka yi ma ƙanen nawa, minti uku, muka koma Linux kwaɗunan nan duk sun ɓace. Za ka ga wasu a intanet suna cewa ka tilasta ma Linux ya share hiberfil.sys da kansa, don Allah kar ka yi in kana da halin shiga Windows, duk abin da ka bari buɗe bai ajiyu ba ya tafi kenan.

Ƙanwar wannan matsalar kuma ita ce ta ɗaukewar kuran. Mashinanmu da yawa batirinsu ya daɗe da mutuwa, fil kawai ke riƙe da su, lokacin zafi kuran ya ɗauke kana tsakar aiki mashin ta mutu ɗif, NTFS sai ya bar wata alama cewa ba a rufe ni da kyau ba. Linux in ya ga alamar yana iya ƙin rubutu, musamman sabon direban nan ntfs3 da ya shigo da kernel 5.15, wato zuciyar Linux, a 2021, shi ba ya sassauci a kan haka. Ka koma Windows, Invite de commandes na administrateur, ka rubuta chkdsk D: /f, ka sa harafin diskinka a madadin D. In C ne za ta ce sai an sake tayarwa, ka yarda. Akwai ntfsfix a Linux, yana iya goge alamar ya ɗan gyara ƙananan abubuwa, amma ba ya aikin da chkdsk ke yi, ni sai in ba Windows a kusa nake taɓa shi.

Yanzu ga shawarar da ta fi duk sauran a wurina: ka daina shiga C daga Linux. Ka gina musu tsakar gida, wani partisiyon na uku wanda duka biyun za su riƙa haɗuwa a cikinsa, takardunka da hotuna da bidiyo duk su zauna can. Da farko ka kwafe abin da ba ka son rasawa bisa kle ko diskin waje, wannan ba a tsallake shi. Sai ka buɗe Gestion des disques a Windows, ka danna C da maɓallin dama, "Réduire le volume", ka rage gwargwadon abin da kake so, filin da ya fito ka yi mishi "Nouveau volume simple" da NTFS, ka sa mishi suna, a ce AIKI. Wasu na zaɓen exFAT don shi ba ruwansa da izini ko kaɗan, kuma haka ne, sai dai ba ya da littafin da yake rubuta abin da yake cikin yi kamar NTFS, to a garin da kuran ke ɗaukewa ba sallama ni ba zan aza memuwar ɗin mutum a kansa ba. FAT32 kuma fishiye guda ba ya wuce giga 4.

Sai a koma Linux a gaya mishi cewa ɗakin nan naka ne. In ba a yi haka ba, ko dai kullum sai ka danna diskin da hannu kafin ya buɗu, a wasu tsarin ma har sai an tambaye ka kod, ko kuma ka tarar komai na root ne, wato babban konti mai cikakken iko a Linux. Mutane da yawa a nan suke kwana suna buga chmod da chown, umarnin canza izini da canza mai kaya, suna mamaki ba abin da ya canza. Dalili shi ne a yadda aka saba buɗe NTFS a Linux, ba a bin izinin fishiye ɗaya ɗaya, lokacin ɗaura diskin ake yanke wa ke da shi, kuma hukuncin ya hau kan duk abin da ke ciki. Buɗe Terminal ka rubuta id, ka ga lambarka, galibi 1000. Sai lsblk -f, ka nemi layin da aka rubuta ntfs da AIKI, ka kwafi UUID ɗinsa, wato lambar shaidar partisiyon ɗin, haruffa da lambobi 16 ne. Sannan:

sudo mkdir /mnt/aiki
sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho
sudo nano /etc/fstab

Layi na biyun nan kar ka raina shi, kwafin ajiya ne, don fstab, fishiyen da ke gaya ma Linux diskokin da zai ɗaura, in aka yi kuskure a ciki mashin na iya tsayawa a baƙin allo lokacin tashi. Kar ka taɓa abin da ka tarar, ka sauka can ƙasa ka ƙara wannan a layi guda:

UUID=lambarka /mnt/aiki ntfs-3g uid=1000,gid=1000,dmask=022,fmask=133,windows_names,nofail 0 0

Ctrl+O da Entrée ya ajiye, Ctrl+X ka fita. uid da gid su ne ke cewa kayan naka ne. dmask da fmask suna ba ka karatu da rubutu, wasu kuma kallo kawai. nofail yana cewa ko diskin ya ƙi buɗuwa mashin ta ci gaba da tashi. Shi ko windows_names ina son shi ƙwarai, don Linux yana yarda ka sa ma fishiye suna mai alamar tambaya ko ɗigo biyu ko tauraro, Windows kuma ba ta yarda, sai ka ajiye "Babi na 2: bincike" a Linux ka koma Windows ta kasa buɗewa ta kasa sharewa. Da windows_names tun daga farko za a hana ka sa irin sunan. In diskin a buɗe yake ka fara cire shi daga manajan fishiye, sannan ka buga sudo mount -a. In bai ce komai ba to ya yi. In ya yi ƙorafi ka gyara yanzu yanzu kafin ka kashe mashin.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, Windows ba ta karanta ext4. Wani lokaci, musamman a diskin waje, za ta nuna maka cewa sai an formate kafin a yi amfani da shi. Annuler za ka danna. Na ga wanda ya danna ɗayan, hotunan aurensa ne a ciki.

Sai maganar "Vous ne disposez pas des autorisations" a cikin Windows kanta, bisa dosiyen da ka san naka ne. Wannan yawanci bayan an sake sa Windows ne, ko an ciro diski daga tsohuwar mashin. Sunanka bai canza ba amma SID ɗinka ya canza, kayan kuma har yanzu suna rubuce da tsohuwar lamba. In ka shiga Propriétés, Sécurité, za ka ga "Compte inconnu" da doguwar lamba, kai ne na da. Daga nan ka danna Avancé, kusa da Propriétaire ka danna Modifier, ka rubuta sunan kontinka, ka sa alamar da ke cewa a canza har na ƙananan dosiyoyi, ka yi OK. In kayan na da yawa rubutu ya fi sauri, a Invite de commandes na administrateur:

takeown /F "D:\Takardu" /R /D O
icacls "D:\Takardu" /grant %USERNAME%:(OI)(CI)F /T

O ɗin ƙarshen layin farko Oui ne, don Windows ɗin Faransanci. In taka da Ingilishi take sai ka sa Y. Amma ka ji ni da kyau, wannan bisa kayanka kawai ake yi. An taɓa kawo mini mashin da wani mai gyara ya yi ma takeown bisa C gaba ɗaya wai don mai ita ya huta da tambayoyi, daga ranar mise à jour ta daina shiga, wasu aplikasiyon suka daina buɗewa, sai da muka sake sa Windows daga tushe. Dosiyen C:\Windows da Program Files akasarinsu na TrustedInstaller ne, wato kontin Windows kanta, da gangan aka yi haka, ba kuskure ba ne da za ka gyara.

To ga tambayar da ta fi ɓata ma mutane rai, allon nan da ke dusashewa ya ce "Voulez-vous autoriser cette application à apporter des modifications à votre appareil ?" Mutum ya ce mashin tawa ce, da kuɗina na saya, ni ne administrateur, don me ake tambayata? Tun Windows Vista a 2007 aka kawo wannan, UAC sunansa, kuma hikimarsa ita ce ko kai administrateur ne, a aikin yau da kullum kamar kowa kake tafiya, sai lokacin da za a taɓa jikin tsarin ake neman yardarka. Don duk wani shiri da ka buɗe da ikonka yake aiki, in ikonka a sake yake ko da yaushe to na mugun shiri ma a sake yake. Mu da kle guda ke zagaya sibar da shagon fotokopi da mashinan abokai biyar a yini, mu da ake cika muna mashin da shirye-shiryen da aka fasa, wallahi mun fi kowa buƙatar tambayar nan. Ana iya sauke ta, matakai huɗu gare ta tun Windows 7, amma ni ban yarda a kai ta ƙasa ba. Abin da nake koya ma mutane shi ne, in ta fito ka tambayi kanka, ni na taɓa wani abu yanzun nan da ya kamata ya jawo ta? In kana sa sabon shiri ne da ka san inda ka ɗauko, Oui. In kana kallon bidiyo ne ko ka soka kle ta fito da kanta, Non, ba shawara. Ka kuma duba layin Éditeur, in an rubuta inconnu ka ƙara tsayawa. In kuma kullum tana fitowa don kana ajiye takardu kai tsaye cikin C ko Program Files, to wurin ajiyar ne ba daidai ba, ka mai da su AIKI.

Fishiyen da ka sauko da shi daga intanet Windows na manna mishi wata ɓoyayyar alama, Zone.Identifier, ita ke sa Word ya buɗe shi a Mode protégé ko SmartScreen, mai gadin Windows, ya tare. In ka tabbata da inda ya fito, danna dama, Propriétés, can ƙasa ka sa alama a Débloquer. Ɗaya ɗaya, ba a jimla ba.

A Linux ma akwai nasa. sudo, umarnin da ke ara maka ikon root, zai tambaye ka kod, a wasu tsarin kana bugawa ba ka ganin komai ko tauraro, haka aka yi shi, ka buga ka danna Entrée. A Ubuntu yana riƙe yardar minti 15 kafin ya sake tambaya. In yana cewa kod ba daidai ba alhali ka tabbata, duba klabiye, wannan ya ci lokacin mutane da yawa a nan, don mashinanmu wasu AZERTY ne daga Faransa wasu QWERTY, in Windows na kan ɗaya Linux na kan ɗaya to A ya zama Q, Z ya zama W, M ya ƙaura, lambobi kuma a AZERTY sai da Shift. Buga kod ɗin a wurin da ake ganin rubutu ka gani da idonka. Kuma kar ka saba buɗe manajan fishiye ko edita da sudo don gudun ƙorafi, duk abin da ka ƙirƙira a haka na root ne, gobe kai da kanka a hana ka. In ya riga ya faru cikin gidanka na ext4:

sudo chown -R $USER:$USER ~/Documents

A nan chown yana aiki. chmod 777 da ake ta yaɗawa kuma ma'anarsa kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya kunna, don 4 karatu ne, 2 rubutu, 1 kunnawa, jimla 7, sau uku: kai, ƙungiyarka, sauran jama'a. 755 ga dosiye da 644 ga fishiye sun ishe ka. Akwai kuma tagar trousseau da ke fitowa da ka buɗe Chrome, wannan yawanci don ka sa mashin ta riƙa shiga ba tare da kod ba ne, sai akwatin da ke riƙe kalmomin sirrinka ya zauna a kulle. Kashe connexion automatique, ka riƙa buga kod sau ɗaya a farko, tagar ta daina zuwa.

Wanda ya fi ban tsoro na bari ƙarshe, shuɗin allon BitLocker mai neman lambobi 48, shi ne abin da Windows ke kulle diski da shi ta yadda ba ya karantuwa sai da makulli. Mashina da yawa na zuwa da diski a rufe da shi mai ita bai sani ba, kuma Windows 11 daga 24H2 ta ƙara faɗaɗa kunna shi da kanta. In ka sa Linux ko ka taɓa Secure Boot, mai gadin tashin mashin, ko ka canza tsarin tashi, TPM na iya ganin hanya ta canza ya ƙi sakin makulli. Wannan ba chkdsk ba takeown, in ba ka da lambobin ba mai gyaran da zai buɗe maka a Niamey ko wani wuri. Saboda haka tun kafin ka fara komai, a Invite de commandes na administrateur:

manage-bde -status
manage-bde -protectors -get C:

Na farko ya gaya maka ko a rufe yake, na biyu ya nuna maka lambobin. In da kontin Microsoft ka shiga mashin, galibi suna ajiye a account.microsoft.com/devices/recoverykey. In okaziyon ce kana iya tarar da cewa a kontin tsohon mai ita suke can wata ƙasa, shi ya sa nake cewa ka ciro su yau tun Windows na buɗuwa. Kafin sa Linux ka dakatar da BitLocker ko ka kashe shi ka jira ya gama warwarewa. In allon ya tare ka kuma lambobin klabiye suka ƙi shiga, F1 zuwa F9 suna ba da 1 zuwa 9, F10 kuma sifiri.

Wani ɗan abu da za ka lura da shi bayan duk wannan, agogon Windows na iya komawa baya da awa ɗaya duk lokacin da ka fito daga Linux, don Linux na ajiye agogon mashin bisa UTC mu kuma a Nijar muna gaba da awa ɗaya. timedatectl set-local-rtc 1 a Terminal ya raba gardamar, sai ka daidaita agogon sau ɗaya a Windows.

Ƙanen nawa kafin ya tafi sai da na sa shi ya buga manage-bde da hannunsa, diskinsa kuwa a rufe yake bai taɓa sani ba. Na yago mishi takarda daga littafin rasit, ya zauna ya kwafe lambobin nan rukuni takwas, shida shida, na karanta mishi yana bi da yatsa har muka tabbata ba kuskure. Ya ce zai ɗauki hoto da waya ma, na ce ɗauka, amma takardar ka sa ta cikin jakar da kake ajiye diplom ɗinka, ba cikin jakar kwamfutar ba.